Yadda Na Danne Surukina a Bakin Rijiya

Akwai ranar da na yi iya ƙoƙarina in manta, amma ta ƙi mantuwa. Ita ce ranar da na durƙusa a kan surukina, uban matata, a gaban jama'ar Tudun Wada, na yi masa abin da ko abokin wasa ba a yi wa. Ku yaran da ke aikin lafiya yanzu kun matsa mini in rubuta muku labarin, to ga shi. Wanda ya ga kuskure a rubutun ya yi haƙuri. Karatuna na elemantare ne, shi ma ban ƙarasa ba. Ni da malamin lissafi ne muka dubi juna wata rana, muka ga gara mu rabu lafiya.

A lokacin ni lebura ne a ofishin tsafta, ɓangaren feshi. Bari in yi wa wanda bai san tsarin ba bayani. A can sama akwai likita, wanda sai dai mu hangi bayan motarsa. Ƙasa da shi akwai duba-gari, shi ne mai shiga gidaje ya leƙa randa da rijiya da masai, in ya ga ƙazanta ya kai maigida gaban alƙali. Ƙasa da duba-gari akwai helma, shugaban leburori. Ƙasa da helma akwai keken ofis. Ƙasa da keken kuma, sai ni. Aikina in goya tankin magani a baya, in sa dogon takalmin roba mai kai wa gwiwa, in bi duba-gari duk inda ya nufa, in fesa abin da ya nuna, in zuba magani a rijiyar da ya ce.

Shekarun nan ne da yaƙin basasa ya wuce, aka canja kuɗi, arzikin mai ya fara zubowa. Gidaje suka yi ta zubar da azara suna ɗora kwano, babura suka cika titi, jirgin Makka bai huta ba. In ka tsaya a bakin titin Tudun Wada ka ce "Alhaji", rabin layi ke waiwayowa. Ana cikin wannan daɗi sai kwalara ta dawo mana da damina. Rediyo ya ce ba mu kaɗai ba ne, ƙasa-ƙasa take bi tana zagaya duniya, amma wannan bai sanyaya wa kowa rai ba. Mutum zai yi sallar asuba da ƙafarsa, amai da gudawa su kama shi da hantsi, la'asar a yi masa salla. Tsoro ya kai mutane ba sa kiran sunanta, sai dai su ce "wannan abar". Kowa kuma ya zama likita. Wani lemon tsami, wani tafarnuwa, wasu kuwa suka ce in ka ajiye namijin goro a kumatu kana tsotsa, ba za ta kusance ka ba.

Da abin ya yi yawa, sai aka tara mu, leburori da direbobi da masinjoji, aka ce tunda mu ne a titi kullum, za a koya mana taimakon farko. Wata Sista Laraba aka turo daga babban asibiti, gajeriya, mai muryar da ba ta buƙatar lasifika. Ta zo da wani mutum-mutumin roba, kai da ƙirji kawai, babu ƙafa, ta kwantar da shi a tabarma. Muka sa masa suna Ɗan Roba. Da ta ce kowa zai hura masa numfashi a baki, sai shugabana, Malam Bawa duba-gari, ya ɗaga hannu ya ce, "Sista, abin nan yana karya alwala?"

Ta ce, "Malam, in ya karya ka sake wata. Wanda ya mutu fa, wa zai sake maka shi?"

Daga nan kowa ya nutsu. Ta ce kwalara ba a iska take ba, ba kuma a kallo ba, ta ruwa take shiga da hannun da ba a wanke ba. Saboda haka in mutum ya faɗi, kada a gudu. Ka girgiza kafaɗarsa ka kira shi. Ka nuna mutum guda da yatsa ka aike shi neman mota, don in ka ce "wani ya je", kowa zai jira wanin. Ka kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ka duba bakinsa, ka ɗaga haɓarsa, ka kara kunne ka ji ko yana numfashi. In babu, ka ɗora tushen tafinka a tsakiyar ƙirji, ka ɗora ɗayan a kai, ka miƙe hannuwa, ka danna da ƙarfi da sauri. Ta ba mu lissafin dannawa da na hurawa, amma na faɗa muku yadda muka ƙare da malamin lissafi. Da ta ga ina ƙirga yatsu, sai ta ce, "Kai Idi, ka taɓa jin mata suna lugude a turmi? To haka nake son in ji hannunka." Batun baki kuwa, tunda ana annoba, ta ce a shimfiɗa tsabtataccen ƙyalle tukuna, in an gama a wanke baki da hannu da sabulu da ruwan magani. Ta ƙare da cewa, "In numfashi ya fara dawowa yana rawa, kada ku yi shiru. Ku kira shi da sunansa, sunan da uwarsa ke kiransa da shi. Kunne ne ƙarshen abin da ke barci a jikin mutum."

Yanzu sai surukina. Baba ɗan kasuwa ne, mai sayar da atamfa, yana cikin alhazan da na faɗa muku. Tun da na auri 'yarsa Hauwa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa sha ba, ban taɓa ɗaga kai na dube shi ba. In na hango shi a hanya zan diro daga keke, in tuɓe takalmi, in tsuguna har ya wuce. Ban san kalar idonsa ba, amma yatsun ƙafarsa ko a filin Idi zan gane su. Sunansa kuwa na ji shi ranar ɗaurin aure, na haɗiye, bai sake fitowa ba. Haka muka tashi muka ga ana yi, kuma ban ga laifinsa ba.

Ran nan, da safe, Malam Bawa ya ce yau layin su Baba za mu zuba magani. Na ce, "Ranka ya daɗe, a tura ni Gyallesu mana, ko Dutsen Abba, ko ina ma."

Ya ce, "Ashe jarumin feshi ma yana da dodonsa. Ɗauki tankinka mu tafi."

Rijiyar Baba a ƙofar gidansa take, duk layin nan suke ɗiban ruwa. Muna isa na laɓe a bayan katangar maƙwabta, tanki a baya, kamar ɓarawon da ya zo da kayan aikinsa. Daga nan nake jin su. Baba ya ce ba za a zuba masa komai a rijiya ba. Maganin yana ɓata shayi, kuma mutum ya yi alwala ya tashi yana warin asibiti. Shi yana da kariyarsa a kumatu. Malam Bawa ya lallaba, ya karanto doka, ya gaji, ya ce bari ya je ya zo da mai unguwa. Ya hau keke ya bar ni a bayan katanga.

Baba bai yi shiru ba. Ya juya kan masu ɗiban ruwa yana yi musu huɗuba a kan yaran zamani masu gajeren wando da ke son koya wa manya shan ruwa. Yana cikin ɗaga murya sai na ji maganar ta tsinke. Na ji wani irin kakari, na ji guga ya faɗi, sannan na ji tim. Wani ya yi ihu, "Wannan abar ce! Ta kama Alhaji!"

Da na leƙo, filin ya watse. Maza da babbar riga suna tsallake kwata. Baba yana kwance kusa da rijiya, hularsa can gefe, ɗan amai a gemunsa. Jama'a suka ja da baya suka yi da'ira mai faɗi, yadda ake yi wa 'yan dambe. Wani dattijo daga nesa ya fara salati yana cewa a kawo zane a rufe shi. Sule mai kanti, Allah ya saka masa, ya ɗebo ruwa a bokiti ya watso daga inda yake tsaye, ruwan bai kai rabin hanya ba.

Na sauke tanki na ruga. Ga wani abu da har yau in na tuna sai na yi dariya: ina isa kusa da shi, ƙafafuna suka tsaya da kansu, na tuɓe takalmin robar nan na ajiye gefe, sannan na ƙarasa. Takalmin da gwamnati ta ba ni don irin wannan rana. Ban yi shawara da kowa ba, jiki ne ya ga Baba ya yi abin da ya saba.

Na durƙusa na taɓa kafaɗarsa. Wallahi kafin ranar ban taɓa taɓa shi ba sai a musabaha, ita ma da kai a ƙasa. Na ce, "Baba! Baba!" Shiru. Na dubi fuskarsa, karon farko a rayuwata. Leɓunansa sun yi duhu kamar an shafa shuni. Na nuna Sule da yatsa na ce, "Kai Sule, kai nake nufi, ka bi Malam Bawa gidan mai unguwa, ka ce ya zo da motar ofis yanzu!" Ya yar da bokiti ya zura da gudu, ina ga daɗin aiken ya ji, tunda nesa za shi.

Sai na ji an tsuguna kusa da ni. Inna ce, uwar matata, wadda ita ma ban taɓa yi wa magana ba sai da labule a tsakaninmu. Ita kaɗai ce ba ta gudu ba. Ta ce, "Ya cika?"

Na ce, "Bai cika ba, Inna, sai mun gani. Ki taya ni yaye rigar nan."

Muka yaye babbar rigar har wuya. Na duba bakinsa ban ga komai ba. Na ɗaga haɓa, na kara kunne. Babu numfashi. Nan na tsaya, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, abu biyu ne suka riƙe ni. Na farko aman nan na gemu, don na ga abin da wannan abar ke yi wa mutane, kuma ina da mata da ciki a gida. Na biyu, bakin Baba ne. Inna ta dube ni, ta gane. Ta kama gefen mayafinta ta yage, ta goge gemun da guntu ɗaya, ta shimfiɗa ɗayan a bakinsa, ta ce, "Yi abin da aka koya maka. Ni ban ga komai ba."

Na toshe hancinsa na hura. Ƙirji bai tashi ba. Na gyara kan na sake hurawa. Kamar ina hura bango. A jikin Ɗan Roba ƙirji kan tashi, nan kuwa ya ƙi. Sai na koma ƙirji, na ɗora hannu a tsakiya, na fara dannawa. Amma a hankali nake yi, irin dannawar ladabi, kamar mai neman izini.

Inna ta ce, "Wannan tausa kake yi masa?"

Na ce, "Sista ta ce kamar lugude ake yi."

Ta ce, "To wannan ba lugude ba ne, ko gero ɗaya ba zai fashe ba. Bi ni." Sai ta fara tafi, tas-tas-tas, da saurin matan da suka san turmi. Na bi tafinta, na saki nauyina duka. Na ji wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashin hannuna, na san haƙarƙari ne, amma Sista ta riga ta ce in kun ji haka kada ku tsaya, ƙashi yana ɗoruwa. Daga da'irar can na ji wani yana cewa, "Innalillahi, Idi ya haukace, yana dukan gawar surukinsa!" Wani ya ce, "Da ma an ce maganin feshin nan yana taɓa ƙwaƙwalwa."

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Faɗinsa ya fi yinsa tsawo. Da na tsaya zan sake hurawa, na ɗage ƙyallen na leƙa bakin kamar yadda aka koya mana, sai na hangi wani abu fari-fari can ciki, wanda ɗazu babu shi. Na sa yatsa na ƙwaƙulo. Namijin goro ne, ɓari guda, ya yi santsi don tsotsa. Kariyar Baba ce ta bi hanyar iska ta zauna. Dannawar ce ta turo shi waje.

Na mayar da ƙyalle na hura. Ƙirji ya tashi! Na sake, ya sake tashi. Na koma dannawa, Inna na tafi, na dawo na hura. Can sai ya yi wani gurnani, ya ja iska da kansa. Na juya shi a kan gefensa. Amma numfashin ba na kirki ba ne, ya zo ya ɗauke, ya daɗe, ya sake zuwa. Idanu a rufe. Na yi ta kiran "Baba", na koma "Alhaji", har wasu alhazai biyu daga cikin 'yan kallo suka amsa. Shi kuwa ko motsi.

Na ce, "Inna, Sista ta ce a kira shi da sunansa na yanka. Ki kira shi."

Ta zaro ido. "Ni? Tun ina yarinya aka kawo ni gidan nan ban taɓa kiran sunan nan ba. Ko 'yar maƙwabta ta auri mai irin sunan, sai dai in ce mai sunan Malam. Yau zan fara, a titi?"

Na ce, "To ai ni ma, Inna..."

Ta ce, "Kai da ka riga ka hau ƙirjinsa, me ya rage maka? Kira!"

Na waiwaya ko akwai wani sa'ansa kusa. Duk suna can nesa inda sai da ihu. Numfashin ya sake ɗaukewa, wannan karon ya daɗe. Sai na sa bakina a kunnensa, na rufe ido, na kira sunan. Ba Malam, ba Alhaji, tsiraransa. Ban kuma kira shi da lallashi ba, tsoro ya sa na daka masa tsawa yadda ake yi wa yaron da ya hau bakin rijiya.

Baba ya yi tari, ya ja iska mai yawa, ya buɗe ido ɗaya. Muryarsa a shaƙe ya ce, "Wane mara kunya ne?"

Inna ta fashe da kuka da dariya a haɗe. Ni kuwa sai na ga na ja da baya na tsuguna, kaina a ƙasa, ina kallon yatsun ƙafarsa, ina cewa, "Sannu, Baba. Ina kwana, Baba."

Motar ofis ta iso aka kai shi asibiti. Likita ya duba ya ce babu kwalara ko kaɗan, shaƙewa ce, sai haƙarƙarin da na fasa. Ni kuma Malam Bawa ya sa aka wanke ni da sabulu da ruwan magani, baki da hannu da ƙafa, har na fi rijiyar gwamnati wari. Yana tsaye a kaina yana cewa, "Aikin ka yi shi daidai, Sista ma za ta ji. Amma in da wannan abar ce fa? Ka taka amai da ƙafa ba takalmi! Wa ya ce ka tuɓe?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, surukina ne."

Ya sosa ƙeya, ya ce, "Haka ne kuma. To kada ka ƙara."

Rijiya dai an zuba mata magani a ranar, tun Baba yana gadon asibiti. Inna ce da kanta ta ɗage murfin.

Bayan an sallamo shi ya aiko a kira ni. Ban taɓa jin tsoron kira irin wannan ba. Hauwa ma ta ce in ya ce in sake ta, in roƙa a bari ta haihu tukuna. Na tuɓe takalmi tun daga bakin layi. Na same shi a zaure, ƙirji a naɗe, yana kallon bango. Na tsuguna ina kallon abokaina, yatsun ƙafa.

Ya ce, "An ce ka fasa mini haƙarƙari."

Na ce, "Haka aka ce, Baba."

"An ce ka sa mini yatsa a baki."

"An faɗa, Baba."

"An kuma ce ka kira sunana. A gaban mutane."

Na ƙara sunkuyar da kai. Can ya ce, "Wannan ba an ce ba ne, na ji da kunnena. Ina can wani wuri mai nisa, mai daɗin kwanciya, ba na son tashi. Sai na ji an kira ni da irin tsawar da tsohuwata ke yi mini, Allah ya ji ƙanta. Tun da ta rasu ba wanda ya kira ni haka. Na ce bari in amsa kafin ta iso da muciya." Ya yi gyaran murya, ya dafe ƙirji don zafi. "Kada ka sake."

Na ce, "In Allah ya yarda, Baba."

Na miƙe zan fita da baya, sai ya ce, har yanzu yana kallon bango, "Sai dai in na sake faɗuwa."

Bai sake faɗuwa ba. Ya rayu har ya ga auren jikokinsa, kuma har ya koma ga Allah ban ƙara duban fuskarsa ba, ban ci abinci a gabansa ba. Namijin goro kuwa bai daina ba, sai dai ya koma yana sa a daka masa.

To ku yara, ga abin da na koya. A aikin nan namu, ba koyaushe ne wanda ya faɗi yake zama baƙo ba. Wata rana malaminka ne, ko hakiminku, ko matar da ba muharramarka ba, ko wanda kake tsuguna wa. Ɗan Roba ba ya koya maka wannan, don shi ba surukin kowa ba ne. Kunya abu ne mai kyau, ni da ita muka tsufa. Amma in numfashi ya tsaya, ita za ka tuɓe ka ajiye gefe, ba takalmi ba. In mutum ya farfaɗo ka koma ka ɗauki abarka, tana nan inda ka bar ta, ba mai sacewa.

Na san za ku ce duk labarin nan ban faɗi sunan ba. Cikin da Hauwa ke ɗauke da shi namiji aka haifa, kuma sunan Baba aka raɗa masa. Yau shi ma ya yi furfura, Abba muke ce masa. Mai son jin sunan ya je ya tambaye shi. Ni na riga na kira rabona.